Karen da ke haushi a igiya ba shi ne matsalar filin ba

Ranar Asabar da safe a filin shaƙatawa na Platt Fields da ke nan Manchesta na ga wani abu da har yanzu yake ci mini rai. Wata dattijuwa Baturiya tana tafe da karenta ta gefen tafki, ta riƙe igiyarsa gam, ta ɗaura ƙyalle ruwan ɗorawa a jikin igiyar, duk sanda ta hango wani kare sai ta ratse ta bi ta bayan bishiyoyi. Kwatsam sai ga wani ƙaton kare a sake ya sheƙo da gudu ya nufo su, mai shi yana can nesa waya a kunne. Matar ta ɗaga hannu tana roƙonsa don Allah ya kira karensa. Shi kuwa daga inda yake ya ɗaga murya wai kar ta damu, nasa ba ya cizo, wasa kawai yake so. Kafin ka ce kwabo nata ya miƙe a ƙafa biyu yana haushi yana fizgar igiya, ita kuma tana ta fama ta ja shi baya.

Sai kowa ya juyo yana harararta. Har wani ya ce mata irin wannan karen ai bai kamata a fito da shi cikin mutane ba. Mai sakakken karen ya ƙaraso ya ja abinsa yana girgiza kai, ko sannu bai ce mata ba.

Ni ban ajiye kare ba, kuma ba ni da niyyar ajiyewa. Amma kusan kullum ina ratsa filayen nan, da yara ko ni kaɗai, kuma matsayata ita ce: a duk mutanen da ke wurin matar nan ce ta yi abin da ya dace. Wanda ya saki karen da ba ya jin kira shi ne mai laifi, ko da karen nasa ya fi tunkiya sanyin hali. Duk karen da ba ya dawowa da kira ɗaya, igiya ce wurinsa. Kuma tazara haƙƙi ce, mutum ba sai ya yi wa kowa bayanin dalilinsa ba kafin a ba shi ita.

Abin da ke damun irin wannan karen

Kare mai saurin harzuƙa shi ne wanda da ya hango ɗan uwansa sai ya rikice, haushi, gurnani, zabura, jan igiya. Mai kallo daga nesa zai ce mugunta ce. Masu ilmin ɗabi'ar dabbobi kuwa sun ce galibi tsoro ne, wani lokaci kuma ƙullaci ne na son ya je ya gaisa igiya ta hana shi.

Dabba idan ta ji tsoro abu na farko da take yi shi ne gudu. To shi wannan an ɗaure shi, ba hanyar gudu, abin da ya rage masa kawai ya yi hayaniyar da za ta kori abin da ke tunkaro shi. Kuma a wurinsa dabarar tana ci, domin duk sanda ya yi haushi ɗaya karen yana wucewa, ko da dama can wucewar zai yi. Sai ya ɗauka haushin ne ya cece shi, gobe ya ƙara da ƙarfi.

Ga kuma yadda karnuka ke gaisawa in an ƙyale su. Ba sa nufar juna kai tsaye ido cikin ido, zagayowa suke ta gefe su shinshini juna su rabu. Matsattsiyar hanyar ƙafa ta birni ba ta ba da wannan damar, dole gaba da gaba, wanda a wurin kare wannan tsokana ce.

Dalilan da ke sa kare saurin harzuƙa suna da yawa. Kwikwiyo yana koyon abin da zai saba da shi ne tun daga sati uku zuwa wajen sati goma sha biyu da haihuwa, wanda ya wuce wannan lokacin a kulle yakan girma da ɗari-ɗari. Wani gado ne daga uwa. Wani ciwo ne a ƙugu ko a baya wanda mai shi bai sani ba. Wani kuma lafiyarsa lau sai da wani kare ya taɓa turmushe shi sau ɗaya, daga nan shikenan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

"Ai nawa ba ya cizo"

Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni haushi, kuma ita aka fi ji. Malam, wa ya tambaye ka halin karenka? Matar da ke ɗaga maka hannu halin nata take gaya maka. Wataƙila an yi masa tiyata ne ɗinkin bai warke ba. Wataƙila tsoho ne ido ya tafi, ko karya ce mai neman barbara, ko kuma karen da aka ɗauko daga gidan marayun dabbobi irin na Dogs Trust satin da ya wuce bai gama sanin duniya ba.

Kuma ka san wahalar da kake rushewa? Bari in faɗa maka yadda ake gyaran irin wannan kare. Kowane ɗaya yana da iyakar nisan da zai iya ganin wani kare hankalinsa bai tashi ba. Wani taku goma ne, wani sai tsawon filin ƙwallo. In yana wajen wannan iyakar zai ji sunansa, zai karɓi abinci. Da an keta ta, ko naman kaza ka kai masa baki ba zai kula ba, domin kansa ya riga ya ɗauki zafi. To mai shi sai ya tsaya can nesa inda karen ke gani amma bai rikice ba, da ya kalli wancan karen sai a jefa masa ɗan yankan kaza ko cuku, ya sake kallo a sake ba shi, haka haka yau da gobe har ƙwaƙwalwarsa ta haɗa ganin kare da samun daɗi, sannan a rage nisan kaɗan, kaɗan fa, in an yi gaggawa a koma baya. Aikin watanni ne, wani ma shekara. Mutum yana tashi da asuba cikin sanyin Janairu don ya samu filin babu kowa, yana biyan mai horarwa kuɗi masu kauri, sai kai ka zo da wasan karenka na minti ɗaya ka tabbatar wa nasa cewa lallai tsoron da yake ji gaskiya ne.

Bayan haka ma tashin hankalin ba ya sauka nan take. Karen da aka firgita da safe yakan wuni a tsorace, abin da jiya zai ƙyale yau sai ya zabura a kai, mai keke ne, mai kai saƙo ne, yaro mai gudu ne. Wanda ya jawo abin yana can gida yana shan shayi, bai ma san an yi ba.

Sannan wannan tabbacin da mutane ke da shi a kan karnukansu ya wuce gaskiyar abin. Kwalejin likitocin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta bi diddigin kwikwiyoyin da aka saya a 2020 lokacin kullen korona, sanda kowa ya ruga sayen kare babu ajin horo babu baƙi a gida. Da karnukan suka kai wata 21, kashi 52 cikin 100 na masu su da bakinsu suka ce karen ba ya dawowa in an kira shi. Fiye da rabi kenan. Waɗannan karnukan yanzu manya ne, su ne ke zagaye filayen nan, da yawansu a sake.

Doka ma ba ta tsaya ga cizo ba. A ƙarƙashin dokar karnuka masu haɗari ta 1991, laifi ne karenka ya kuɓuce maka ta yadda zai zama barazana, kuma ba sai ya ji wa mutum ciwo ba, ya isa a ce akwai dalilin da zai sa mutum ya ji tsoron za a ji masa. Tun 2014 dokar ta shafi har cikin gidanka, aka kuma ɗaga hukuncin: har shekara 5 a kurkuku in ya raunata mutum, har 14 in ya kashe, har 3 in ya far wa karen da ke yi wa makaho ko wani mai naƙasa jagora. Wanda yake riƙe da igiya yana jan karensa baya zai iya cewa karensa na hannunsa. Wanda ke can taku hamsin yana kiran sunan karen karo na bakwai fa, me zai ce?

"To ta bar shi a gida mana"

Wannan ƙorafin yana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba zan watsar da shi ba. Babu mai son haushi a kunnensa ranar hutu.

Amma a ina zai koya in ba a fito da shi ba? Gidaje da yawa a unguwannin Manchesta a jere suke manne da juna, tsakar gidan ba ta wuce wurin shanya da ajiye kwandon shara ba. Karen da aka kulle a irin wannan wuri ƙara lalacewa yake, ƙarshenta a miƙa shi gidan marayu ko a yi masa allurar mutuwa. Kuma filin na kowa ne. Mai karen da ya ɗaure abinsa, ya koma gefe, ya zaɓi lokacin da babu jama'a, ya riga ya ba da duk abin da zai iya bayarwa. Abin da yake nema a wurinka bai wuce daƙiƙa talatin ba, ka kira naka, ka saƙala igiya, ku wuce, ka sake shi a gaba.

"Rashin tarbiyya ne, a ba shi kashi ya nutsu"

Na san wannan ita ce za ta fara zuwa ran da yawa daga cikinmu. Har Turawan ma akwai masu wannan ra'ayin, masu cewa sai ka nuna wa kare kai ne shugaba, ka fizge wuyansa, ka danne shi a ƙasa, ko ka sa masa abin wuya mai jan lantarki. Asalin wannan tunani daga nazarin kyarketai ne da aka tara a keji ba dangin juna ba. David Mech, masanin da ya taimaka wajen yaɗa shi, da kansa ya fito a 1999 ya nuna cewa garken kyarketai a daji iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, ba wai ana kokawar sarauta ba ne kullum.

Bar ma zancen kyarkeci, ka yi lissafin da kanka. Kare yana tsoron wasu karnuka. Duk sanda ya ga wani sai ya ji zafi a wuya. Me ka koya masa? Ka koya masa cewa zuwan kare na jawo azaba. Zai iya yin shiru don tsoronka, amma abin da ke cikinsa ya ƙaru.

Mafi muni shi ne dukan kare saboda gurnani. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a matsa. Kafin shi ma akwai ƙananan alamomi, lasar baki, hamma ba ta barci ba, kau da kai, sandarewa wuri ɗaya, gashin baya ya miƙe. In ka hana shi gargaɗin sai ka samu karen da ke cizo babu sallama, sai a zo ana cewa wallahi haka kawai ya kai hari. Yankin Wales ya haramta abin wuya mai lantarki tun 2010, kuma a ganina ya kamata Ingila ta bi sahu.

Wurin likitan dabbobi ya kamata a fara zuwa. Farfesa Daniel Mills na jami'ar Lincoln da abokan aikinsa sun wallafa nazari a 2020 da ke nuna cewa ciwon da ba a gano ba yana da hannu a babban kaso na karnukan da ake kai wa asibiti saboda matsalar hali. Karen da gwiwarsa ke zogi yana da dalilin ƙin wani ya haye masa baya da sunan wasa.

Su ma masu irin karen ba a sake su ba

Kar a ce na wanke su tas. Akwai waɗanda ke amfani da wannan matsalar a matsayin uzuri, kuma su ma suna ba ni takaici.

In ka san karenka ya taɓa cizo, ko kana jin zai iya, takunkumi ya zama dole. Irin mai kama da kwando wanda zai iya haki ya sha ruwa ya karɓi abinci ta ciki, kuma a saba masa da shi a gida a hankali, ba ranar farko a danna masa a fito ba. Mutane suna jin kunyar sa wa karensu takunkumi wai za a ɗauka mugu ne, musamman tun da aka wajabta shi a kan nau'in XL Bully a Ingila da Wales daga 31 ga Disamba 2023. To a ɗauka mana. Kunyarka ba ta kai fuskar yaron wani daraja ba. Ni in na ga kare da takunkumi hankalina kwanciya yake, na san mai shi ya san abin da yake riƙe da shi.

Igiyar nan mai miƙewa tana naɗewa da kanta ba ta dace da irin wannan kare ba, kafin ka danna maɓalli ya riga ya yi mita biyar. Kuma ba a ba ɗan shekara tara riƙon karen da ya fi shi nauyi. Shingaggen wurin da ake sakin karnuka su yi cuɗanya kuwa, irin wanda ya yi yawa a Amurka, kai kare mai tsoro can wai don ya saba zalunci ne a kansa da kan sauran. Yanzu a nan akwai gonaki masu shinge da ake haya na awa ɗaya, kai kaɗai da karenka ya yi gudunsa son ransa, wannan ya fi.

Shi kuma ƙyalle ruwan ɗorawa, wanda aka fara yaɗa shi daga Suwidin a 2012 a matsayin alamar cewa karen yana buƙatar tazara, abu ne mai kyau amma ba doka ba ne, kuma rabin mutanen da ke filin ba su san ma'anarsa ba. Sakakken kare kuwa ba ya karatu. Don haka dole mai shi ya riƙa hangen nesa, ya juya tun kafin abu ya matso, ya fake bayan mota ko shinge, kuma ya iya buɗe baki ya ce a kira kare ba tare da kame-kame ba.

Mu kuma ina ruwanmu?

Wani ɗan uwa zai ce wannan rigimar masu karnuka ce, su ƙarata. A'a, ta shafe mu, domin mutumin da ke barin karensa ya afka wa kare mai tsoro shi ne dai ke barinsa ya afka wa tabarmar da iyalinka suka shimfiɗa, ya sa baki a kwanon abinci, ya dafa wa matarka hijabi da ƙafafu duk taɓo, kuma da kalmomin nan dai zai amsa maka, ba ya cizo. Duk da cewa a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi kare mai rai ba najasa ba ne, ba kowa ke son ya taɓa shi ba, wani kuma yana kan wata fahimtar, wani tsoro ne kawai tun na yarinta. Duk ba sai mun yi bayani ba. Abin da dattijuwa mai ƙyallen ɗorawa ke nema shi ne abin da mu ma ke nema, kada dabbar wani ta iso jikinka sai da yardarka. A wannan batun mu da masu karnuka masu tsoro ɓangare ɗaya muke, kuma na lura su ne suka fi saurin janye karensu in sun ga yaranmu sun tsorata, domin sun san zafin abin.

Namu aikin shi ne mu koya wa yara abin da ya dace da nan. Abin da muka taso da shi, ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse ko ka zura da gudu, duka biyun suna ƙara dagula lamari, gudu yana tada sha'awar bi, jifa kuma zai iya jawo maka 'yan sanda. Yaro ya tsaya cak, ya naɗe hannuwansa a ƙirji, ya kau da ido, kar ya yi ihu. In ya ga kare da ƙyalle ruwan ɗorawa ko takunkumi, ko ya ga mai shi ya koma gefe ya juya baya, to ya wuce ta nesa, kar ya tsaya yana ƙura masa ido.

Kansuloli, wato ƙananan hukumomin nan, su ma suna da makamin gyara a hannunsu. Wata doka ta daban da aka yi a 2014 ta ba su ikon kafa ƙa'ida a wuraren jama'a, su ce nan dole igiya, nan kare ba ya shiga sam, wanda ya karya a ci shi tarar fam 100 nan take, in ta kai kotu har fam 1,000. A karkara ma ai an daɗe ana yi, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole kare ya kasance a gajeriyar igiya a filayen da aka buɗe wa jama'a saboda tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa. In za a iya yi wa tsuntsu wannan gatan, ban ga abin da zai hana a raba manyan filayen birni gida biyu ba, ɓangaren sakewa da ɓangaren igiya, a kafa allo babba a kowace ƙofa, a kuma turo ma'aikaci ya riƙa zagayawa ranar Asabar da Lahadi da safe lokacin da filin ya fi cika. Kafin a kafa irin wannan ƙa'idar sai kansul ta nemi jin ra'ayin mazauna, fom ne ake cikewa a intanet, kuma mutanenmu ba su cika kula shi ba. In ya zo unguwarku ku cike, ku rubuta cewa kuna son ɓangaren igiya.